Babi na Shida: Tiya, Rasit da Ajin Shari'a

Yaron da ya tashi a Tebaram ta jihar Tawa, ya ci jarrabawar bak, ba dole ne ya dangana da Yamai ba kafin ya karanta shari'a. A shekarar 2010 gwamnati ta kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma ta Tawa tana da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Jami'ar tana ɗauke yanzu da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Shekara uku ɗalibi ya samu lisans, ya ƙara biyu ya samu masta. A tsakanin nan zai ji labarin wani reshe na shari'a da aka yi domin mai saye, wato mutumin da ya ba da kuɗinsa ya karɓi kaya ko aiki don amfanin kansa da iyalinsa, ba don ya sake sayarwa ba. A jami'o'in da suka gaji tsarin Faransa wannan darasi yakan zo a makare, bayan an gama da dokar yarjejeniya da ta kasuwanci, kuma sa'o'insa kaɗan ne. Ni kuwa ina ganin babu darasin da ya fi shi kusa da gidan da yaron ya fito.

A duba yadda uwarsa take sayen hatsi ranar kasuwa. Ba da kilo ake yi ba, da tiya ake yi. A lissafin ma'aikata, tiya guda kilo biyu da rabi ce, arba'in su cika buhu mai kilo 100. Amma tiya ba ta da hatimi, ba ta da wanda ya tantance ta. Akwai wadda aka bubbuge gindinta ya shige ciki, ta rage ci. Akwai mai awon da yake da biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Idan shi ne yake saye daga manomi da kaka, sai ya cusa kwanon cikin buhu, ya tara tozo, ya kewaye bakin da damtsensa har hatsin da ke kan hannunsa ya shiga lissafi. Idan bazara ta yi, manomin nan ya dawo saye, sai a auna masa da yatsu a miƙe, tozon ya kwanta. Tana gani, ta san abin da ake yi. Iyakarta ta ce, "Haba Alhaji, cika mini mana," ya ɗan barbaɗa gyara, ta ɗaure bakin buhunta. Idan ta isa gida ta tarar da tsakuwa da ƙaiƙayi a ƙasa, sai ta ce Allah ya isa, ta sa faifai ta sheƙe. Babu rasit, babu sunan shago, kuma mai awon nan wataƙila shi ne zai ba su bashin hatsi idan rumbu ya ƙare kafin sabon ya nuna. Duk wanda zai yi maganar haƙƙin mai saye a arewacin Adar, daga nan ya kamata ya fara.

Littattafan jami'a daga wani wuri suke farawa. Suna farawa da ranar 15 ga Maris 1962, lokacin da shugaban Amurka John Kennedy ya aika wa majalisar ƙasarsa saƙo ya lissafa haƙƙoƙi huɗu na mai saye: kada kaya su cutar da shi, a gaya masa gaskiyar abin da yake saye, ya samu zaɓi, a kuma saurare shi. Daga nan ne ranar 15 ga Maris ta zama ranar masu saye ta duniya. A 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojinta na kare mai saye, ta faɗaɗa su a 1999, ta sake gyara su a 2015. Wannan tarihi yana da amfani, kuma a koyar da shi. Sai dai awa guda ta ishe shi, domin Nijar tana da nata tarihin, wanda ya fi zafi, kuma ɗalibi ba zai manta da shi ba bayan jarrabawa.

A 1995 annobar sanƙarau ta afka wa ƙasar. Cikin alluran rigakafin da aka yi amfani da su akwai waɗanda suka shigo a matsayin gudummawa daga Najeriya, daga baya aka gano na jabu ne, babu sinadarin rigakafi a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 50,000 aka yi wa wannan allura, ta kuma danganta mutuwar kimanin 2,500 da ita. Iyaye sun bi layi, sun miƙa hannuwan ƴaƴansu, sun koma gida da kwanciyar hankali, alhali babu abin da ya kare yaran. Bayan shekara ashirin, a 2015, hukumar ta sake fitar da gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da aka samu a Nijar. A Tibirin Gobir kuwa, kusa da Maraɗi, ruwan famfo ne. Daga tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ruwa na gwamnati ya riƙa ba garin ruwan wata rijiyar burtsatse mai sinadarin fuloraid fiye da kima. Shekara da shekaru ana sha ana biyan kuɗi, har yara suka taso da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe, ɗaruruwansu suka nakasa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ta ɗauki maganar, ƙungiyar FIDH ta duniya ta fitar da rahoto a kanta a 2002. Malamin da ya ba ɗalibansa labarin Tibiri, ya tambaye su wa ke da alhaki, wace hujja iyaye za su kawo, wa zai auna ruwan, wane irin diyya ce za ta dace da yaron da ba zai ƙara tafiya daidai ba, ya koya musu rabin darasin.

Sai kuma 2005, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, lokacin da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara da sukari da garin alkama, aka taɓa ruwa da wuta. Ƙungiyoyin masu saye da na ƙwadago da na farar hula suka haɗu a ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, Nouhou Arzika na ƙungiyar masu saye ta ORCONI yana kan gaba. Ranar 15 ga Maris jama'a suka cika titunan Yamai, bayan haka aka yi zaman gida, kasuwanni suka rufe. An kama jagororin, aka sake su, a watan Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan matakan. A wannan shekara ce kuma yunwa ta yi wa jihar Tawa mugun kamu, kuɗin buhun hatsi ya kai inda talaka ba ya iya miƙa hannu. Abin lura a nan shi ne ba kotu ce ta ƙwato wa mai saye haƙƙinsa ba, haɗin kai ne. Shi ya sa karatun nan ba na doka ba ne kaɗai, har da na manufa: yaya gwamnati take yanke shawarar sa haraji, ko ƙayyade farashi, ko buɗe rumbunan gwamnati na OPVN ta sayar da hatsi da rahusa, kuma wa ke zaune a teburin lokacin da ake yanke ta.

Doka ta musamman ba ta zo ba sai bayan shekara goma. Doka mai lamba 2015-24 ta ranar 11 ga Mayu 2015 ita ce ta shimfiɗa tushen kare mai saye a Jamhuriyar Nijar, a 2019 kuma aka yi wadda ta fayyace laifuka da hukuncinsu, da wata kan gasa tsakanin ƴan kasuwa. Akwai hukumomi: ARCEP tana sa ido kan kamfanonin waya, ARSE kan makamashi, ANMC kan inganci da ma'auni, ɗakin gwaji na LANSPEX kan magani da abinci. Akwai ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata da suka daɗe suna magana da yawun masu saye. Kafin duk wannan, abin da alƙali yake da shi shi ne kundin dokar farar hula da aka gada daga Faransa, inda sashe na 1641 ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin kayansa. Ɗalibi zai kuma sha dokokin kasuwanci na OHADA har su ishe shi, tunda Nijar tana cikin ƙasashen da suka shiga wannan yarjejeniya ta 1993. To amma dokar ciniki ta OHADA da kanta ta cire kayan da aka saya don amfanin kai ko na gida daga cikin hukunce-hukuncenta. Ta ƴan kasuwa ce tsakaninsu. Mai yiwuwa ne mutum ya gama lisans ya ƙware a kan rigimar babban ɗan kasuwa da banki, amma bai san abin da zai gaya wa ƙanwar babansa da aka sayar mata da batirin sola matacce ba.

Ga kuma babbar matsala. Duk waɗannan dokoki, mai sayen da suke hange mutum ne mai karatu, mai rasit a hannu, wanda ya san sunan wanda ya sayar masa, kuma kotu tana kusa da shi. Ƙa'ida ce cewa mai da'awa shi ke kawo hujja. Mutumin Tebaram da aka cuta a kan jika biyar, kuɗin motar zuwa Tawa da dawowa da abincin hanya sun kusa cinye abin da yake nema, ballantana a ce masa ya dawo wani mako. Ba wauta ce ta sa ya haƙura ba, lissafi ne. Cuta ƙanana ce, amma a kan mutum dubu, kowace ranar kasuwa. Irin wannan ba a maganinta da ƙarar mutum ɗaya. Sai da mai binciken ma'auni da zai shigo kasuwa ba sanarwa, da ƙungiyar da za ta tsaya a madadin jama'a, da hanyar sulhu mai sauƙi a inda abin ya faru.

A nan ne nake ganin jami'a tana barin dukiya a ƙofar gida. Yaron nan, kafin ya shiga lakwal ko a tare da ita, ya zauna gaban malam. Ya haddace Suratul Muɗaffifina, wadda take gargaɗin masu tauye mudu. Idan ya yi nisa ya ji babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid. Fiƙihun Malikiyya, daga Muwaɗɗa zuwa Muhtasar, ya yi wa sha'anin saye da sayarwa filla-filla tun ƙarnuka da dama kafin a haifi Kennedy. Ya hana algus, da gauraya mai kyau da maras kyau, da ɓoye aibi. Ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka rufe masa. Ya yi magana kan wanda zai bar saniya ko akuya kwanaki ba a tatse ta ba don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye. Ya hana a sa wani ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, don kawai farashi ya hau. Ya hana tare masu kawo kaya a hanya a saye musu kafin su iso kasuwa su ji farashi, ya kuma hana ɓoye abinci a lokacin buƙata. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gari ranar kasuwa, ya ga masu tare amalanken manoma tun ba su sauke ba, ya san malaman nan ba tatsuniya suke yi ba. Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a jihar: Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, tana kusa da Galmi. A tsarin mulkin Musulunci akwai muhtasibi, jami'in da aikinsa ke nan, ya zaga kasuwa ya duba mudu da sikeli.

Ba ina cewa a ajiye dokar ƙasa a ɗauki fiƙihu ba. Ina cewa mai awo da ba ya jin tsoron lamba 2015-24, domin bai taɓa jin ta ba, yana jin nauyi idan liman ya ambaci tauye mudu a huɗubar Juma'a yana zaune a sahun gaba. Lauyan da ya san duka biyun yana da harshen da zai yi magana da alƙali, yana da wanda zai yi magana da kasuwa.

Kasuwar ma tana da nata tsari. A kasuwar dabbobi dillali ba mai haɗa ciniki ba ne kawai. La'adar da yake karɓa, a bakin sunansa ce. Shi ne ya san mai dabba, shi ne za a nema idan ta tabbata ta sata ce, ko aka ga ciwon da aka ɓoye. Masanin nan Abner Cohen, da ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna a littafinsa na 1969 yadda cinikin shanu na bashi mai yawan gaske yake tafiya ba takarda, a kan amanar maigida da dillalansa. Idan rigima ta fi ƙarfin dillali akwai sarkin kasuwa, akwai maigari, akwai sarki, kuma dokar Nijar ta amince wa sarakunan gargajiya su yi sulhu a rigingimun jama'a da na ciniki. Yawancin ƙorafin mai saye a karkara a nan yake ƙarewa. Yana da kyau ɗalibi ya je ya zauna a zauren ya saurara, ya ga inda tsarin yake adalci da inda yake danne mai ƙaramin ƙarfi. Domin yana dannewa: mace ba ta cika kai ƙarar babban ɗan kasuwa gaban maigari ba, baƙo kuma yakan ji an ce masa ya yi haƙuri, ciniki ya riga ya faɗa.

Akwai kuma inda al'ada da wa'azi duk ba su isa ba, domin ido ba ya ganin aibin. Dattijo zai buɗe bakin rago ya san shekarunsa, amma ba zai kalli ƙwayar magani ya san ko alli ce ba. Mai tallar magani yana yawo da tire a rana tsaka, ja da rawaya a jere, ana saye da launi: ba ni na ciwon jiki guda biyu, ba ni na ƙarfi. Ga piya-piya, maganin ƙwarin da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ba suna ba bayani, a fesa a ɗaki saboda sauro, a zuba a buhun wake saboda ƙwaro, waken kuma ya ƙare a tukunyar wani. A ƙa'ida kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS ne yake tantance magungunan ƙwari da aka yarda a sayar, kuma cibiyar manoma ta RECA ta sha nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwannin Nijar ba su bi ta wannan ƙofa ba. Wani lokaci maganin matsalar ba hukunci ba ne, sauyi ne: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu binciken noma na INRAN, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar toshe masa iska, ba guba. Mai tsara manufa yana buƙatar ya san wannan kamar yadda ya san sassan doka. Ya san yadda ake ɗaukar samfur a kai ɗakin gwaji ba tare da hujja ta lalace ba, ya iya karanta sakamakon. Tawa ta yi sa'a, tsangayar noma da ta shari'a suna jami'a ɗaya. Abin da ya rage shi ne su riƙa shiga ajin juna.

Adar ƙasar ƴan cin rani ce. Gida da wuya ka rasa wani nasa a Abijan, ko Legas, ko Libiya, ko wuraren haƙar zinariya na arewa. Saboda haka waya da aiken kuɗi sun zama kamar rijiya a gari. Tsohuwa tana sa kiredi ta wayi gari ya tafi, an shigar da ita wani tsarin da ba ta nema ba, da saƙon Faransanci da ba ta iya karantawa. A nan dokar zamani tana da ƙarfin da al'ada ba ta da shi, domin kamfani yana da adireshi, yana da lasisin da za a iya taɓawa, kowace mu'amala kuma tana bar sawu a na'ura. Hukumar sadarwa ta sha cin tarar kamfanonin waya saboda rashin ingancin aiki. Tambayar da ta dace da kundin masta ita ce: idan an ci tarar, me ya koma aljihun wadda aka cire wa kuɗin?

Maganar harshe ba ƙarama ba ce. Dokokin nan duk da Faransanci aka rubuta su. A watan Maris 2025 sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan wannan zai zama abin da talaka zai gani a ƙasa, to dokar mai saye tana cikin na farko da ya kamata a mayar Hausa, da Tamajak da Fulatanci saboda makiyayan da ke cin kasuwannin arewacin jihar, a karanta ta a gidajen rediyon karkara. Ɗalibin shekara ta uku da aka ce ya bayyana garantin ɓoyayyen aibi cikin minti biyar ga masu sauraro a Takanamat ko Bambai zai gane ko ya fahimci darasin ko haddace shi ya yi. Ina so a ce wannan yana cikin abin da ake ba shi maki a kai. Haka nan a ce kowane ɗalibi, kafin ya karɓi takardarsa, ya yi hutu guda a kasuwa ɗaya da sikeli a hannu, da izinin magajin gari da sarkin kasuwa, ya auna tiyoyi, ya auna litar man ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalba, ya rubuta ranar ƙarewar wa'adi a kan gwangwanayen madara da tumatir. Shekara biyar ana haka, jami'a za ta mallaki bayanin da zai sa maganarta ta yi nauyi a gaban gwamna da ma'aikatar kasuwanci.

Yawancin kayan da ke kan teburan Tebaram ta Ƙonni suka shigo, daga Illela da Sakkwato da Kano. Mai saye a Adar, ko ya sani ko bai sani ba, yana cin moriyar aikin hukumomin Najeriya, yana kuma shan wahalar sakacinsu. Lokacin da Dora Akunyili ta riƙe hukumar abinci da magani ta NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta matsa wa masu jabun magani, har ƴan talla suka koyi nuna lambar hukumar a jikin kwali. Tsakanin 2008 da 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a can, kuma kwalba irin wannan ba ta neman biza kafin ta ƙetare iyaka. Najeriya ta yi sabuwar dokarta ta gasa da kare mai saye a 2018, ta kafa hukumar FCCPC. Ɗalibin Tawa yana buƙatar ya san wannan doka, ya san yadda ake duba lambar NAFDAC, da inda ake jin sanarwa idan an janye wani kaya daga kasuwa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar shari'a inda ake koyar da dokar ƙasa da ta Musulunci, kuma Sakkwato ta fi Yamai kusa da Tawa. Malaman ɓangarorin biyu ɗaya ya yi karatu da Faransanci, ɗaya da Ingilishi, amma idan suka zauna kan buhun taki ɗaya ko kwalin magani ɗaya da aka kama a kan iyaka, da Hausa za su tattauna, kuma ɗalibansu za su iya bin kayan tun daga kantin da aka loda shi a Kano har teburin da aka kasa shi a Adar.